Ɗakin Nata Ne, Ginin Na Wani: Matan Da Suka Rasa Wurin Kwana A Garuruwanmu

Shekarar da na yi jinyar gwaggona a wani babban asibitin gwamnati, akwai wata dattijuwa da nake gani kullum a barandar ɗakin mata. Da an idar da sallar isha'i za ta shimfiɗa zani a gefen 'yan jinya, ta yi matashi da jakar bakko, ta ja hijabi ta rufe har ƙafa. Da asuba ita ce ta farko a bakin famfo. Tana taya mutane wanke kwanuka, ta riƙe wa wannan jariri, ta nuna wa waccan inda ake yankar kati. Duk zatona tana da marar lafiya a ciki. Sai a kwana na shida, kunun da aka kawo mana daga gida ya yi yawa, na zuba mata a kofi na ce, "Iya, ya mai jikin? A wane gado take?" Ta karɓa da hannu biyu, ta yi murmushi, ta ce, "'Yar nan, ni ce mai jikin, ni ce mai jinyar."

A hankali na ji sauran labarin. Miji ya rasu, su uku ne matansa, an sayar da gida an raba gado. 'Ya'yanta mata ne, kowace tana gidan wani. Ta zauna wajen ƙaninta wata bakwai, har ranar da ta ji matarsa tana ƙirga ludayin miya da ƙarfi don ta ji. Asibiti kuwa akwai fitila, akwai ruwa, akwai maigadi a ƙofa, kuma ba wanda ke tambayar mace mai tabarma a baranda me ya kawo ta.

Wannan matar ba ta bara, hijabinta a wanke yake, kuma da ma'aikacin ƙidaya zai zagaya gari da tsakar dare yana neman masu kwana a titi ba zai gan ta ba. Idan aka ce marasa matsuguni, hoton da ke zuwa wa mutane na namiji ne: ɗan ci-rani a rumfar kasuwa, almajiri a ƙofar shago, mai taɓin hankali a gindin gada. Mace ta san abin da dare ke tafe da shi, saboda haka ba ta kwanciya inda za a gan ta sai in ta rasa kowace dabara. Kafin ta kai can tana raɓe a ɗakin ƙawa, tana aikatau a gidan da ladanta shi ne ta kwana a ɗakin girki, tana kangon da maigadi ya bar ta ta shiga bisa sharaɗin da ba ya faɗuwa da rana, ko tana zaune da mijin da ke dukanta don in ta fita ba ta san inda za ta dosa ba. Ba mu kaɗai ba ne a wannan. A Birtaniya, ƙungiyoyin da ke aiki da mata sun daɗe suna cewa ƙidayar da gwamnati ke yi ta masu kwana a waje ba ta ganin mata, sai suka fara tasu a Landan a 2022. Maimakon leƙa ƙofar shaguna dare ɗaya, suka ɗauki mako guda suna tambayar matan da kansu, suka tarar wasu a motocin haya masu aikin dare suke kwana, wasu a ɗakin jira na asibiti, wasu yawo suke har gari ya waye sannan su runtsa da rana. Da aka faɗaɗa aikin zuwa wasu garuruwa, adadin da suka samu ya ninka na gwamnati sau da dama.

Tushen abin a wajenmu yana cikin bakinmu ma. Namiji maigida ne. Mace kuwa ana cewa tana ɗakinta, an kai ta ɗakinta, ta koma ɗakinta. Iyayenta su ci bashi su cika ɗakin da gado da kujeru da jeren kwanuka, komai na ciki nata ne, amma bango da ƙofa da ƙasar da aka yi ginin a kai na wani ne. Ta tashi a gidan uba, ta yi ƙuruciya a gidan miji, in Allah Ya ba ta ɗa namiji mai hali ta tsufa a gidansa. A duk matakan nan zamanta ya rataya ne a kan dangantaka da wani. Ranar da igiyar ta tsinke, magana ɗaya ce ake aika wa danginta: a zo a kwashe kaya. Sai ka ga katifar da aka saya da kuɗin gona jingine a zauren wani, damina na dukanta.

Saki shi ne babbar ƙofar da mata ke faɗowa ta ciki, kuma a nan ne al'adarmu ta fi yin hannun riga da addinin da muke tutiya da shi. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada a fitar da matan da aka saka daga gidajensu, su ma kada su fita. Malaman tafsiri sun daɗe da lura cewa ayar ta jingina gidan ga matan, alhali mallakarsa ta miji ce. A aya ta shida aka ce a zaunar da su inda ake zaune gwargwadon hali. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, ko wadda aka yi wa saki uku tana da haƙƙin wurin zama har ta gama idda, ko da ciyarwa ta faɗi in ba ta da ciki. In ta tafi da yara, ciyar da su da kuɗin wurin kwanansu na kan uba, kuma riƙon yaro na hannun uwa har ya balaga, yarinya har ta tare a gidan miji, muddin ba a samu abin da ya kawar da haƙƙin ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta wannan. Amma me ake yi? A rubuta takarda da daddare, a ce kada gari ya waye tana gidan. Wani lokaci ma ita ce za ta fice da kanta, don an koya mata cewa kwana a gidan wanda ya sake ta rashin zuciya ne, kuma danginta za su ce ta zubar musu da mutunci. Wata uku na idda lokaci ne da mace za ta iya tattara hankalinta, ta sayar da abin sayarwa, ta nemi inda za ta koma, ko a sasanta. Mun mayar da shi awa uku.

Maroko 'yan Malikiyya ne kamar mu, kuma sun toshe wannan ɓaraka da doka. A dokar iyalinsu ta 2004, saki ba ya tabbata a hukumance sai ta hannun kotu, kuma sai miji ya ajiye kuɗin da alƙali ya yanka cikin kwana 30: ragowar sadaki, ciyarwar idda, kyautar rabuwa, da kuɗin wurin zama in ba za ta iya zama a gidan ba. In bai ajiye ba, an ɗauka ya fasa sakin. In kuma ɗaya ya kori ɗaya daga gidan aure ba bisa dalili ba, mai gabatar da ƙara na gwamnati yana da hurumin mayar da wanda aka kora nan take. A Najeriya akwai dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, da sashe na 9 nata ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ko tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya kori abokin aurensa daga gida da ƙarfi. Sai dai dokar tarayya ce, ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta karɓe ta, kuma ko inda aka karɓa, matar da aka watso wa kaya waje da ƙarfe goma na dare ba sashe na 9 ne a ranta ba. Lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya taso da maganar dokar iyali a 2017, hayaniyar ta tafi kan batun ƙarin aure, zancen ina wadda aka saka za ta kwana ya nutse a cikin ƙurar.

Mutuwar miji kuma lissafi ne, kowa na iya yinsa. Idan mamaci ya bar 'ya'ya, rabon mata shi ne tumuni, ɗaya bisa takwas, kuma duk yawansu shi za su raba. A ce gidan da ya bari an sayar naira miliyan 8. Tumunin takaba miliyan 1 ke nan. In su huɗu ne, kowace ta tashi da 250,000. Shari'a ta tsara haka ne a kan cewa akwai wasu da nauyinta zai koma kansu, 'ya'ya ko uba, ga dangi da baitulmali a baya. Idan 'ya'yan ƙanana ne, rabonsu na hannun baffa, shi kuma baffa ya matsu a sayar. Idan ba ta haihu a gidan ba, da ta fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma ta zama baƙuwa a ɗakin da ta share shekara talatin tana sharewa. Na sha ganin ana gaggawar sayar da gidan gado tun kafin a yi sadakar arba'in, ba tare da wani ya tsaya ya tambayi inda tsofaffin matan za su sa haƙarƙarinsu ba.

Akwai waɗanda ciwo ya kora. Masu yoyon fitsari su ne misalin da aka fi sani. Tun shekarun 1980 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara yi musu aiki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, kuma da yawansu kan zo ne bayan miji ya sallame su, dangi sun ware musu kwano. Haka mai farfaɗiya, haka wadda ta samu taɓin hankali bayan haihuwa, haka yarinyar da ta yi cikin shege, wadda ake kora don a rufa asiri, shi kuwa wanda ya yi cikin yana nan yana sallah a sahun gaba.

Sai gudun hijira, wanda ya zo ya ninka komai. A Maiduguri an ga yadda rufin kwano kaɗai ba ya tsare mace. A Oktoban 2016 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da bayanan mata da 'yan mata 43 da aka yi wa fyaɗe ko aka yi lalata da su ta hanyar yaudara a sansanoni bakwai na birnin, kuma cikin waɗanda aka zarga har da masu gadin sansanin da masu rabon abinci. Wanda ke riƙe da katin abinci da izinin fita ƙofa, shi ke riƙe da matar. Daga baya Gwamna Babagana Umara Zulum ya ba da sanarwar rufe sansanonin cikin birni kafin ƙarshen 2021, da hujjar cewa ba za a dawwama ana zaman jiran tallafi ba, kuma gwamnati ta gina gidaje a wasu garuruwa ta mayar da mutane. Hujjar tana da ƙarfinta. Amma ƙungiyar nan dai ta lissafa cewa daga Mayun 2021 zuwa Agustan 2022 an tashi mutum fiye da 140,000 daga sansanoni takwas, ciki har da Bakassi da Dalori da Teachers Village, kuma ba kowa ne ya yarda ya koma inda ya gudo ba. Waɗanda suka maƙale a birni sun koma 'yan bukkoki a filayen mutane. Akwai ma wani rukuni da ba ya shiga kowane layi: matan da aka tsare mazansu shekaru a barikin Giwa, waɗanda suka haɗa kansu da sunan Knifar. Su ba zawarawa ba, ba masu takaba ba, kuma ba miji a kusa. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye birnin, sai ga shi an sake buɗe Bakassin da aka rufe.

A arewa maso yamma galibi ma babu sansanin hukuma irin na Borno. Matan da 'yan bindiga suka kashe wa maza a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato suna shigowa birni ne da goyo da ƙullin kaya, su sauka a kango ko makarantar firamare ko gefen tasha, wasu su tsallaka Maraɗi. Su ne mafi yawan sababbin fuskokin da ake gani a bakin danja da ƙofar masallatan Juma'a.

Wani zai ce ai Bahaushe ba ya barin nasa a waje, kuma da gaskiyarsa a da. Gidan gandu yana da ɗakin gwaggo, yana da ɗakin da ba a rasa ba in 'yar gida ta dawo. Yau ƙanin da za ta je wurinsa yana ciki da falo na haya da 'ya'ya shida, kuma kwanon masara ya fi ƙarfin albashinsa. Zumunci bai mutu ba, wurin ajiye shi ne ya ƙare. In kuma ta ce za ta kama haya da kanta, nan ma katanga ce. Kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali, sannan tambayar da ba ta da amsa: ina mijinki? Mai gida zai ba saurayi ɗan shekara ashirin ɗaki bai tambayi komai ba, amma mace 'yar arba'in da 'ya'ya uku sai ta kawo namijin da zai tsaya mata, don kada a ce ya ajiye mai zaman kanta. Unguwa ta hana ta ɗakin mutunci, sannan in ta ƙare a gidan da ba na mutunci ba a ce da ma halinta ne.

To me muke yi a kai? Abu na farko sadaka, kuma ba na raina ta: ƙosai da kunu a azumi, atamfa da sallah, ɗari biyu ta tagar mota. Tana tsare yunwar yini, ba ta taɓa zancen dare. Na biyu kame. Kano ta yi dokar hana bara a 2013, aka sake jaddada hanin a 2020, a Abuja ma ministan birnin Nyesom Wike ya shelanta yaƙi da mabarata a Oktoban 2024. A kwashe mata a mota, a tsare su kwana biyu, a ce su koma garinsu. Garin da aka ƙone? An bar jaki ana dukan taiki. Na uku koyar da sana'a, a raba keken ɗinki da injin taliya a ɗauki hoto. Wadda ba ta da ƙofar da za ta kulle, ina za ta ajiye keke? Kafin wata ya ƙare ta sayar da shi, sai a ce matan nan ba sa son aiki.

Na huɗu shi ne wanda aka fi alfahari da shi, auren gata. A farkon 2009 Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu a Kano, ta shirya fito da zawarawa kan titi don a ga yawansu, Hisbah ta hana. Bayan shekara uku, a 2012, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso da Hisbah ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa suka fara aurar da zawarawa, karon farko mutum 100. A Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura na ma'aurata 1,800, da sadaki naira 50,000, da gado da katifa da kayan abinci, da jarin 20,000 ga amarya. Ina cikin masu ganin alheri a shirin: ana gwajin lafiya, ana gindaya wa ango sharaɗin kada ya yi saki sai ya koma wa hukumar, kuma akwai matan da aure suke so, kuɗin kayan ɗaki ne ya tsare su. Amma a matsayin maganin rashin matsuguni, abin da yake yi shi ne ya sake ba ta kayan ɗaki ya sa ta a ginin wani. Kuma wa ake zaɓa? Mai sauran ƙuruciya da ta riga ta samu manemi. Dattijuwar baranda ba ta cikin lissafi, haka mai 'ya'ya biyar da ba namijin da zai ɗauki agola biyar, haka wadda igiyar wani ke kanta ba a san inda yake ba. An ware wa bikin na 2023 sama da naira miliyan 800. In aka raba, abin da ya hau kan kowane aure ya haura 400,000, kuɗin da a lokacin zai biya hayar ɗaki guda a unguwannin gefen gari fiye da shekara. Ban ce a daina wancan ba. Na ce ban taɓa jin an ware kwatankwacinsa don wannan ba.

Ko tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya, irin naira 25,000 a wata har wata uku da aka ƙaddamar a 2023 don gidaje miliyan 15, da sunan gida ake rabawa, kuma sai da lambar katin ɗan ƙasa da asusun banki ko na waya. Wadda takardunta suka ƙone a ƙauye, ba ta da adireshi, ba ta cikin rajistar kowace unguwa, ta faɗi tun a tankaɗen farko. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci samar da matsuguni mai kyau ga kowane ɗan ƙasa a sashe na 16, amma yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa.

A ƙasashen da suka ci gaba ma an daɗe ana yin irin kuskurenmu da wata fuska: sai ka daina shaye-shaye, sai ka warke, sai ka samu aiki, sannan a ba ka gida. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya juya abin a New York: a ba mutum ɗaki da makulli tukuna, ba sharaɗi, sauran gyara ya biyo baya. Finland ta mayar da wannan manufar ƙasa a 2008, ta rushe tsarin manyan ɗakunan kwanan gayya ta mayar da su ƙananan gidaje da mutum ke haya da sunansa. Marasa gida a ƙasar sun kai wajen 18,000 a 1987, zuwa 2022 sun koma ƙasa da 4,000. Na san Finland gaba ɗayanta ba ta kai jihar Kano yawan jama'a ba, kuma aljihunsu ba irin namu ba ne. Abin ɗauka a wurinsu jerin ne, wane ke gaba wane ke baya. Mace da ta kwana da ido ɗaya buɗe ba ta iya riƙe jari, ba ta iya bin shari'a a kotu, ba ta iya kai yaro makaranta kullum, ba ta iya shan magani a kan lokaci.

Kuma ba sai mun je Turai aron wannan ba. A Sahihul Bukhari akwai babi a kan kwanan mace a masallaci, inda Nana A'isha ta ba da labarin wata baƙar mata da aka 'yanta, aka yi mata ƙazafin sata, ta baro mutanenta ta zo Madina, aka bar ta ta kafa 'yar rumfa a cikin masallacin Annabi (SAW) tana zaune. A Alƙahira, a shekarar 1285, 'yar Sarki Baibars ta gina wani gida da aka sani da Ribaɗin Bagadadiyya, kuma masanin tarihi Maƙrizi ya bayyana cewa matan da aka saka ko mazansu suka ƙaurace musu suna zama a ciki har su yi wani aure ko a mayar da su, ƙarƙashin wata malama mai kula da su. Wakafi ne ya riƙe shi. Yau attajiranmu suna gina masallaci a layin da ke da masallatai uku, ga hukumomin zakka da wakafi a Kano da Sakkwato da Zamfara da Jigawa, amma wakafin ɗakuna goma don matan da aka kora abu ne da ba a cika jin labarinsa ba. A Legas ƙungiyar Project Alert ta buɗe gidan fakewa na matan da ake duka tun 2001. A nan da ka ambaci irinsa za a ce gidan mata za ka buɗe, kuma kowa ya san abin da kalmar ke nufi a Hausa. Tsoron ba na banza ba ne, amma amsarsa tana cikin yadda aka tafiyar da na Alƙahira: mata ne ke riƙe da shi, a san mai shiga da mai fita, mai unguwa da liman su san da zamansa. Abu ɗaya da zan ƙara daga darasin Maiduguri, kada a mayar da shi kurkuku. In sai da izinin wani namiji za ta fita neman abinci, an koma gidan jiya.

Gidan fakewa ma na 'yan makonni ne. Abin da ya fi sauƙi, kuma mutum ɗaya ko ƙungiyar unguwa ko 'yan adashi za su iya, shi ne hayar shekara guda da sunanta, rasit a hannunta. Wani dattijo ya raka ta wurin mai gida ya ce ni na tsaya mata. Wata ta raka ta kotu neman kuɗin ciyar da yara, don da yawa ba su san alƙali na iya yanka wa uba wani abu duk wata ba, waɗanda suka sani kuma kuɗin mota da yawan ɗage zama ke sa su haƙura. A taimaka ta yi katin ɗan ƙasa. In za a raba gado, wani mai faɗa a ji ya ce a fitar wa matan da ɗakunansu a cikin rabon 'ya'yansu kafin a kira dillali. Sannan kada a ce za a taimake ta ta hanyar raba ta da 'ya'yanta, wannan a kai shi almajiranci, waccan a ba wata Hajiya riƙo. Mata da yawa sun gwammace kango da 'ya'yansu a kan ɗaki mai fanka ba su, kuma duk shirin da bai lissafa da yara ba za su guje shi. A tambaye ta ma tukuna. Wata so take a yi biko ta koma, wata ko sunan mijin ba ta son ji, wata ƙauyensu take so in hanya ta yi lafiya, wata kuma ɗaki kawai take nema kusa da kasuwar da take wankau.

Ni kaina ban yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a wancan karon. Ranar da aka sallame mu na ba dattijuwar sabon hijabi da 'yan kuɗi da ragowar sukari, ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya. Bayan wata huɗu na koma asibitin dubiya, na leƙa barandar ban gan ta ba. Na tambayi wata mai shara, ta ce ai yanzu an kawo sabon tsari, kowane gado kati ɗaya ake bayarwa na ɗan jinya, da ƙarfe tara masu gadi ke zagayawa suna dubawa. Ta ce ranar da aka fara, ta ga Iya ta ɗauki jakarta ta bi titin da ke zuwa tasha.